Ɗiyar Mai Burodi

Bodinga, Nuwamba 1981

Zuwa ga Yayana Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Innarmu. Na ji kun fara dashen albasa, Allah shi sa albarka.

Yaya, na daɗe ina riƙe da wata magana, yau dai ta ƙi riƙuwa. Yarinyar nan Uwani ba ta da lafiya. Ka tuna yadda Inna ta maido mana ita bayan yaye, kumatu kamar an hura? Da ka gan ta yanzu sai ka tambayi ɗiyar wa ce. Ciki ya yi gaba, hannuwa da ƙafafu sun zama kamar sillen kara. Zawo take yi fari-fari mai maiƙo, da wari irin wanda ban taɓa ji ga yaro ba. Ta daina wasa. In an ɗauke ta kuka, in an ajiye ta kuka. Da farko mun ce haƙori ne. Daga baya munka kai ta ɗakin shan magani, anka ba mu maganin tsutsar ciki har sau biyu, ba mu ga sauyi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, wata ma'aikaciya ta dube ni gaban mata ta ce yunwa ce, wai tamowa. Yaya, yunwa a gidan mai burodi? Ka san yadda maigidan yake da yarinyar nan, sunan mahaifiyarsa Kaltume ta ci, ko sunan ba ya iya kira. Kullum da safe, kaskon farko da ya fito daga tanderu, shi da kansa zai ɓare ya ciro tsakiyar mai laushi, ya jiƙa da shayi da madara ya ba ta a baki. Aiki kuwa ya buɗe masa, duk taron siyasa da za a yi a garin nan wurinsa ake ɗaukar burodi. Ba abin da muka rasa sai lafiyar yarinyar.

Ɗiyar fari ce, kunya ba ta bari in yi ta zancenta gaban mutane, sai dai in shiga ɗaki in yi kukana. Ka faɗa wa Inna a hankali, kada ka tayar mata da hawan jini.

Ka gaida matarka Atika da yara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Safinatu

Shagari, Nuwamba 1981

Safinatu,

Wa alaikumus salamu. Muna lafiya, takardarki ta iso hannun Mode direba.

Ke da kin san Inna, wane a hankali? Ban kai ƙarshen karatu ba ta miƙe tana neman mayafi. Da ƙyar na zaunar da ita. Ga saƙonta kamar yadda ta faɗa: "A kawo min jikata. Ni na yaye ta, ni na san cikinta." Kuma ta ce wanga ɓoyo da kika yi wata da watanni, za ta yi maganarsa da ke in kun haɗu.

Ki nemi izinin maigidanki Malam Attahiru. Mode zai biyo ranar kasuwa, ki sa ta a mota da kayanta. Allah shi ba ta lafiya.

Yayanki,
Maniru

Shagari, Afrilu 1982

Safinatu,

Bayan sallama da gaisuwa, ina miki albishir. Ɗiyarki ta tashi. Zawo ya tsaya, ciki ya sace, jiya ma na kama ta tana korar 'yan tsakin Atika da muciya. Ba wani magani na musamman anka yi ba. Rubutu ne na Malam Bawa, sai kunun gero da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka da marece. Tana ci kamar mai ramuwa.

Amma akwai maganar da ba ta da daɗin rubutu, kuma gara ki ji ta daga gare ni. Sau biyu maigidanki shina zuwa duba ta. Duk zuwan da ya yi, yarinya na murna, ta zauna kan cinyarsa su ci tsarabarsu tare, ya tafi lafiya lau. Kwana ɗaya ko biyu sai ciki ya ɓaci, ta koma kwance kusan mako. Inna ta lura kafin ni. Ta ce ko dai akwai abin da ke biye da shi, ko kuma gidan naku ne wani ya yi wa aiki saboda arzikin da ya samu. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na san Malam Attahiru mutumin kirki ne. Sai dai abin da ido ya gani ya gani.

Inna ta ce a faɗa miki yarinya ba ta komawa Bodinga yanzu. Kuma in zai yiwu ya ɗan rage zuwa. Ki san yadda za ki faɗa masa, ni ban iya ba.

Albasa ta yi kyau, kasuwa ce ba ta yi ba. Kowa na kuka da wanga tsuke bakin aljihu da gwamnati ta ce a yi.

Ki gaida gida.
Maniru

Sakkwato, Agusta 1982

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto maka daga asibiti, kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Na san kuna fushi da mu. Inna ta ce kada a ɗauke ta, munka ɗauke ta domin ƙaramar salla. Amma ka sa kanka a matsayin maigidan. An ce wa mutum ya rage zuwa ganin ɗiyarsa, kuma ya gane dalilin ko da ban faɗa ba. Ya ce mini, "Safinatu, in ni ne ciwon yarinyar nan, gara in sani a gidana." Ban iya hana shi ba.

Mako uku ta yi a gida, komai ya dawo, har ya fi na da. Ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi fari. Da munka iso nan sai da anka yi mata ƙarin ruwa da ƙarin jini. Maganar da ka faɗa masa a bakin ɗakin yara ranar da ka zo, cewa in ta mutu shi ya kashe ta, na ji ta ta taga. Tun ranar ban ga ya ci abincin kirki ba. Ba ina ƙorafi ba ne, kai ma tsoro ne ya sa ka.

Akwai wani likitan yara a nan, dattijo, ba ya gaggawa. Shi ne ya fara tambayata abin da ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ce in ba shi labarinta tun daga haihuwa, na ba shi, har zamanta a Shagari da yadda take warkewa can. Sai ya ajiye alƙalami.

"A can me take ci?"

Na lissafa masa.

"A nan fa?"

Na ce shayi da burodi, taliya, wani lokaci shinkafa, da fanke in ta ƙi cin komai.

"In babanta ya je duba ta, me yake kai mata?"

Na ce burodi da biskit.

Bai yanke magana ba. Ya ce akwai ciwon da yake zato, amma ba a cika ganinsa a ƙasar nan ba, shi kansa a littafi ya fi saninsa, kuma ba ya so ya ɗora wa gida magana mai nauyi bisa zato. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Zariya, inda suke da kayan duba cikin hanji. Da ta ɗan yi ƙarfi za mu tafi.

Ka roƙi Inna ta sa mu a addu'a, ko da tana fushi.

Ƙanwarka,
Safinatu

Bodinga, Oktoba 1982

Yayana Maniru,

Assalamu alaikum. Mun dawo lafiya, kuma mun dawo da sunan ciwon. Ka zaunar da Inna ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake komai.

A Zariya sun sa mata wani siririn bututu ta baki har cikin hanji, sunka ɗebo ɗan abu kamar ƙwayar gero sunka duba. Sun ce sunan ciwon siliyak. Yadda likitan ya bayyana mana, akwai wani danƙo a cikin alkama, shi ne ke sa kwaɓi ya yi ta miƙewa in an ja shi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma ita hanjinta faɗa yake yi da shi, har cikin hanjin ya goge, abinci ya riƙa wucewa bai amfane ta ba. Shi ya sa take ci tana ramewa. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma wanda ke biye da kowa.

Maigidan ya ce, "Likita, rabin garinmu burodina suke ci, ba wanda ya taɓa ciwon kai."

Likitan ya ce, "Malam, burodinka ba shi da aibu. Cikin ɗiyarka ne ba ya karɓarsa. Haka Allah ya halicce ta."

"To a ba mu magani, ko nawa ne."

"Ba allura, ba ƙwaya. Maganin shi ne kada alkama ta sake shiga bakinta."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshen rayuwarta."

Daga nan munka shiga mota. Munka kamo hanyar gida har munka wuce Funtuwa. Sai a Gusau, da mota ta tsaya, yarinyar ta hango mai tallar burodi ta miƙa hannu tana kiran Baba. Maigidan ya sauka ya sayo mata dafaffen ƙwai da ayaba, ya ɓare mata, ya juya fuskarsa wajen taga. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Abin da za ta guje wa: burodi, biskit, taliya, makaroni, fanke, cincin, alkaki, finkaso, gurasa, da duk abin da aka sa wa fulawa ko kaɗan ce, har ɗanwaken da ake haɗawa da ita. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, nama, ƙwai, duk nata ne. Amma kada a kai niƙanta injin da ake niƙa alkama, kuma kada a soya mata ƙosai a man da aka soya fanke.

Na gwada riƙe ta a nan, Yaya, na kasa. Tanderu a cikin gida yake, ɗakin kwaɓi na jikin ɗakina, ko shanya na yi sai na kakkaɓe fulawa. Ma'aikata suna tausayinta su miƙa mata a ɓoye. Shekaranjiya na same ta bayan buhuna da ɓawon burodi a baki, na ƙwace, ta yi ta birgima a ƙasa. Yarinyar da ba ta kai shekara huɗu ba, yaya zan yi mata bayani? Mun yi shawara, za mu maido ta wurin Inna. Wannan karon da hannunmu.

Ƙanwarka,
Safinatu

Bodinga, Fabrairu 1983

Zuwa ga mai girma surukina, Malam Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. A miƙa gaisuwata ga Inna cikin ladabi, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ya saka mata da alheri bisa ɗawainiyar da take yi.

Ban saba rubuta wasiƙa ba, dalili ne ya sa. Mode ya faɗa mini cewa in maƙwabta sun tambayi ciwon yarinyar, kana cewa ciwon ciki ne kawai, ba ka ambaton burodi. Na gane kana yi ne don ka rufa mini asiri, domin maganar ta riga ta zaga Bodinga, ana cewa burodin Attahiru ya kusa kashe ɗiyarsa. Wasu masu shayi sun daina ɗauka a wurina. Na gode da nufinka.

Amma ina roƙonka ka daina. Ka faɗa wa kowa, gida-gida, da masu kanti da masu talla da malamin allo, cewa yarinyar nan ba ta cin burodi da duk abin fulawa. In sun tambaya ko har da na ubanta, ka ce har da na ubanta. Wanda bai sani ba shi ne zai ba ta biskit don ƙauna, kamar yadda na yi ta yi. Ciniki in ya tafi Allah zai kawo wani.

Zan zo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Zan yi wanka in sauya tufafi kafin in taso, kuma ba zan zo da komai ba sai dabino. Maganar da ta shiga tsakaninmu a asibiti kuwa, ni ban riƙe ta ba.

Wassalam.
Naka,
Attahiru Ɗanbaba

Bodinga, Mayu 1984

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafi, ya jiran damina? Allah shi sa ta bana ta fi ta bara, don ta bara ba ta bar wa kowa komai a rumbu ba.

Mu nan sai godiya. Tun da soja suka karɓi mulki fulawa ta zama sai an bi layi, wani makon a samu, wani makon tanderu ya kwana da sanyi. Ma'aikata biyu sun tafi. Gero kuwa ka fi ni sanin inda ya kai. Duk da haka maigidan ya yi abin da ya daɗe yana faɗa. Ya sayar da babur ɗinsa, ya kama wani fili kusa da tasha, ya gina tanderu can. An rushe na gida. Ni da kaina na wanke ɗakin kwaɓi, aka yi masa sabon daɓe. Na sayi turmi da rariya da tukunya waɗanda fulawa ba ta taɓa shiga ba. Yanzu ko mu ba mu cin burodi a cikin gida. In ya taso daga aiki, a zaure yake wanka ya sauya riga.

Yaya, ina son ɗiyata. Na faɗa, kunyar ta ishe ni. Zuwan da na yi watan jiya, na miƙa mata hannu ta ɓuya bayan Inna tana leƙena. Atika ta ce mata, "Ga innarki," ta nuna Inna ta ce ga innarta nan. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. A mota na yi kukan. Ƙaninta Abdulƙadir ya fara rarrafe, bai san yana da ya ba.

Na san Inna ce ta tashe ta sau biyu, ba zan taɓa iya biyanta ba. Na kuma san abin da za ta ce, cewa a gidan mai burodi, cikin wannan tsadar gero, wata rana za a gaji a miƙa mata abin da ke kusa. Ka faɗa mata ko mu za mu kwana da yunwa, kunun Uwani ba zai yanke ba. Kai ne babba, maganarka tana da nauyi a wurinta. Ka taimake ni.

Ƙanwarka,
Safinatu

Shagari, Yuli 1984

Safinatu,

Bayan sallama. Na jinkirta amsa don ban da abin faɗi. Sau uku ina tayar wa Inna da maganar, sau uku tana tashi ta bar min wurin. Na ƙarshe ta ce, "Su da sunka kusa rasa ta, su za su koya min riƙo?" Kada ki ga laifinta da yawa. Tun rasuwar Baba ba ta da abokin hira irin yarinyar nan, tare suke kwana, tare suke damun fura.

Amma wani abu ya faru satin da ya wuce. An yi suna a Mandera, gidan ɗan'uwan Atika, Inna ta tafi da ita. Anka zuba wa yara cincin a faranti. Wata tsohuwa da ba ta san zancen ba ta ga Uwani zaune gefe, ta ɗebo ta cusa mata a hannu, tana faɗan wace marar imani ce ta hana yarinya. Inna na can cikin ɗaki ba ta gani ba. Atika ce ta hango, ta taso da gudu. Kafin ta iso, ɗiyarki ta miƙa wa tsohuwar abinta ta ce, "Ni ba ni cin wanga, ciwo shika sa ni. In akwai ƙosai ki ba ni." Atika ta ce idonta na kan farantin har anka ɗauke, ta haɗiye yawu, amma ba ta taɓa ba.

Anka ba Inna labari. Bayan sun dawo gida na ce mata, "Inna, yarinyar nan ta fara riƙon kanta. Kuma ba a Shagari za ta ƙare rayuwarta ba, duk inda ta je akwai alkama. Gara ta koyi zama kusa da ita tun uwarta da ubanta na tsaye kanta." Ta ce in tashi in ba ta wuri. Amma da safe na ga ta fito da kayan yarinyar tana wanki, har da waɗanda ba su yi datti ba.

Kada ki sa rai da yawa tukuna. Ki dai ci gaba da addu'a.

Yayanki,
Maniru

Shagari, Agusta 1984

Zuwa ga Malam Attahiru da Safinatu,

Assalamu alaikum. Inna ta yarda. Sharaɗinta ɗaya, da ita za a zo, ta zauna wata guda ta ga tukunya da turmi da idonta. Ku gyara mata ɗaki.

Jiya ina ɗaure kaya Uwani ta zo ta tsaya kaina. Ta ce, "Kawu, in na je ban ci burodin Baba ba, zai yi fushi da ni?" Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ba tawa ba ce. Na ce ta bari ta tambaye shi da kanta.

Muna tafe ranar Juma'a da motar Mode. Malam Attahiru, ka tsaya gida.

Naku,
Maniru